Mahaifa ba atamfa ba ce: amsa ga ɗalibar ungozoma da Turanci ya ba kunya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma, ina shekarar ƙarshe. Makonni uku da suka wuce ina ɗakin haihuwa, wata mata ta sauka lafiya, likita ya zo zagaye ya tambaye ni halin da mahaifarta take ciki. Na dafa cikin na ji ta yi tauri yadda ake so, sai na ce masa "the uterus is shrinking". Ya ɗago kai ya ce, "Shrinking, or contracted?" Na rasa ta cewa. 'Yan ajinmu suka kwashe da dariya, yanzu har Sista Shirinkin suke kirana. Na duba ƙamus a waya, shrink da contract da constrict da tighten da compress duk kusan fassara ɗaya yake ba ni. Tun ranar ban ƙara buɗe baki a zagayen likita ba, bayan mutane nake laɓewa. Makarantar gwamnati na yi a garinmu, Turancina ba irin nasu ba ne, ga jarrabawar baka tana matsowa. Anti, don Allah ki raba mini waɗannan kalmomi, ki kuma gaya mini yadda zan yi da wannan kunya.

Wa alaikumus salam 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini ba Turancin ba ne, hannunki ne. Kin dafa ciki, kin ji tauri, kin san haka ake so. Wannan shi ne abin da aka tura ki makaranta ki koyo, kin kuma koya. Sunan abin ne ya kuɓuce miki, suna kuwa gyaransa bai kai wahalar gyaran hannu ba.

Amma ba zan lallashe ki da cewa likitan ya cika tsanani ba. Tambayarsa tana kan hanya, kuma ke kanki kin san dalili, ba ki dai haɗa shi da kalmomin ba ne. Idan mabiyiya ta fita, gurbin da ta bari jijiyoyin jini ne a buɗe. Babu mai ɗinke su. Abin da ke tsayar da jinin shi ne naman mahaifar ya dunƙule da ƙarfinsa ya matse su, shi ya sa kuke yin allurar oxytocin, shi ya sa kuke murza cikin. Wannan dunƙulewar ita ce contract, kuma mahaifar da ta yi hakan ita ake ce wa contracted. Shrink kuwa wani labari ne mai dogon zango: mahaifar da ta kusa kilo ɗaya a ranar haihuwa tana raguwa a hankali, har ta koma ƙasa da giram 100 cikin mako shida, wato kusan daidai da kwana arba'in ɗin da maijego ke wanka tana shan kunun kanwa. Littafinku involution yake kiransa. Kin ga ke nan jimlarki ba karyayyen Turanci ba ce. Likita ya tambaye ki labarin wannan minti, ke kuma kika ba shi labarin arba'in.

Ƙamus ɗin wayarki kuma bai yi ƙarya ba, gajarta ya yi. Bari in gwada ki da harshenki. Kin taɓa cewa kin yanƙwane bakin jaka? Ko takalmi ya takure ki a ƙafa, ko tsohuwa ta tsuke saboda shekaru? Ba ki taɓa ba. Bakin jaka tsuke shi ake yi, takalmi matsewa yake yi, fatar tsohuwa ita ke yanƙwanewa, yaro ke takurewa a lungu idan hunturu ya kama. Ga tamke, ga shaƙe, ga danne, ga ƙanƙance, ga ƙuntata. Baturen da ya zo koyon Hausa zai ga duk abu ɗaya ne, ke kuwa ko daga barci aka tashe ki ba za ki musanya su ba. Kuma babu wanda ya zaunar da ke ya yi miki bayaninsu. Kin ji kowace kalma tare da abokiyar tafiyarta, sau dubu, har kunnenki ya haddace. Turancin ma haka yake so. Yaran da suka yi miki dariya ba kaifin ƙwaƙwalwa suka fi ki ba, sun dai riga ki jin kalmomin a cikin gidajensu.

To, tunda ba mu da shekara goma ta saurare, ga hanyar yanke. Duk inda kika ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, ki tambayi kanki daga ina ƙarfin ya fito, kuma abin zai koma yadda yake ko ya tafi ke nan.

A shrink babu ƙarfin kowa. Abu ne ke raguwa gaba ɗayansa, sannu a hankali, kuma galibi ba ya dawowa. Rigar auduga da aka wanke da ruwan zafi ta ƙi shiga, ita ce misalin da kowane yaron Ingila ya fara sani. Ƙari a jikin mutum idan magani ya kama shi, shrink yake yi. Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 kafin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, da wannan kalma jaridun Turanci suke ba da labarinsa. Har burodin da kuɗinsa bai canza ba amma ya koma rabin na bara, sun ƙera masa suna daga nan, shrinkflation, mu da muke saye kullum ba ma buƙatar a fassara mana. Ki kiyaye jujjuyawarta: shrink, shrank, shrunk, kamar drink, drank, drunk. Babu wata aba wai ita shrinked, ko da yake na gyara ta a takardun ɗalibai har jan birona ya gaji. Idan kuma wata rana kika ji ɗan Amurka ya ce zai je ganin shrink ɗinsa, likitan ƙwaƙwalwa yake nufi. Laƙabin kan titi ne, kada ki rubuta shi a fayil.

Contract a nan zan daɗe, domin ita ce abincinki. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta jawo abu wuri ɗaya, tushe guda da sunan tarakta mai jan garma. Ƙarfin daga cikin abin yake fitowa. Tsoka ce ke jan kanta, ta yi tauri, sannan ta saki. Zuciyar babban mutum tana yin haka sau 60 zuwa 100 a minti yana zaune. Naƙuda kuwa ita ce sarauniyar misalan: contractions ɗin da kike ƙirgawa cikin minti goma, hannunki a kan ciki idonki a kan agogo, kowace ta zo ta tafi. Wannan zuwa da tafiyar shi ya raba ta da shrink. Kishiyarta a jiki ita ce relax. A wajen jiki kuwa kishiyarta expand ce: kwanon rufi da ya sha rana ya buɗe, idan yamma ta yi sanyi ya shiga sai ki ji yana ƙas-ƙas, yana komawa mazauninsa. Wuri ɗaya da na san shrink da contract suna cin tuwo a kwano ɗaya shi ne maganar tattalin arziki. Da na Najeriya ya ja baya a 2016, da kuma 2020, wata jarida ta rubuta shrank, wata ta rubuta contracted, kuma duk daidai ne. Tattalin arziki ba ya zubar da jini a kan gado, shi ya sa ba a tsananta ba.

Sai dai kalmar tana da ramuka, gara in nuna miki su tun kafin ki faɗa. Na farko a baki yake. Idan kika ɗora nauyin murya a gaɓar farko, kin ambaci kwantiragi, takardar da ɗan kwangila ke sa wa hannu. Idan aikatau kike nufi, nauyin a gaɓa ta biyu yake. A jarrabawar baka wannan ake ji kafin a ji komai. Na biyu ya fi haɗari: idan kika karanta "she contracted measles", ba wani abu ne ya tsuke ba, ƙyanda ta kama ta. Duk inda sunan cuta ya biyo bayan kalmar, kamuwa ake nufi. Na uku shi ne contracture, wadda kike gani a jikin yaron da ya ƙone da wuta, fata ta warke ta riƙe gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Ita jan da ba ya saki ce, kada ki haɗa ta da contraction.

Wataƙila kin lura shrink gajeriya ce mai kama da maganar tsakar gida, contract kuwa tana ƙamshin littafi. Ba haka kawai ba ne. Turanci hawa biyu ne. Na ƙasa tsohon harshen mutanen Ingila ne, daga nan shrink ta fito. Bayan Normawa daga Faransa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara ta hanyar fada da kotu da coci da makaranta, suka zama hawa na sama. Mu ma haka muka yi da Larabci, ai kin san bambancin a ce mutum ya mutu da a ce ya yi wafati. Likitanci a hawa na sama yake zaune, majinyaci kuwa a na ƙasa yake magana. Ke ce matakalar da ke tsakaninsu.

Constrict tana son abu mai rami ko mai kewaye: jijiyar jini, hanyar numfashi, ɗan baƙin tsakiyar ido. Matsi ne ta ko'ina a zagaye, har ƙofar ta ƙuntata. Hausa ta ba ki abin tunawa kyauta, domin mesa suna biyu ne. Mesar daji idan ta nannaɗe akuya tana matsa ta har numfashi ya ɗauke, Turawa constrictor suke ce wa irin wannan maciji. Mesar ruwa kuwa ita ake matsewa ruwan ya ragu. Ki riƙe macijin da tiyon tare, ba za ki manta ba. Idan kika haska tocila a idon majinyaci baƙin ya ƙanƙance, pupils constrict za ki ce. Mai asma idan abin ya tashi, hanyoyin iska ne ke constrict. Kishiyarta kuwa kin fi kowa saninta, dilate, wadda kike aunawa a bakin mahaifa har santimita goma. Idan kalmar ta ɓace miki a tsakiyar magana, narrow tana nan, 'yar hawan ƙasa ce, kuma babu likitan da zai ɗaga gira don kin ce hanyar iska ta yi narrow.

Tighten ta hannu ce. Wani ne ya ja, ya ɗaure, ya tamke: robar da kike ɗaura wa dantse kafin ki nemi jijiya, noti a hannun makanike, zani a ƙugu. Ba lallai abin ya ƙanƙance ba, sako-sako ne dai ya tafi. Kuskuren da ya cika kasuwanninmu shi ne a ce "tight it", ko "the shoe is tighting me". Tight siffa ce, sai an ƙara mata wutsiya ta zama aiki, kamar yadda short ke zama shorten, loose ke zama loosen. Takalmin kuwa "too tight" kawai za ki ce. Wannan ce kalmar da majinyaci zai kawo miki: "my chest feels tight". Shi abin da yake ji ya faɗa, ke kuma za ki rubuta shi yadda ya faɗa, ki bar wa bincike ya nuna ko wata hanya ce ta constrict a ciki. Ga wani abin da zai ba ki dariya: ungozomomin Ingila idan suna magana da mai ciki a kan ɗaurewar cikin nan da ke zuwa kafin naƙudar gaskiya, wadda likita John Braxton Hicks ya bayyana a 1872 har aka sa mata sunansa, tightenings suke cewa. Wato su ma masu harshen sukan sauko ƙasa idan suna son a fahimce su.

A nan zan ɗan ratse, don akwai tarkon da ya taɓa kama ni ina matashiyar malama. Na fassara wa aji "tighten your belt" da ɗaura ɗamara, na wuce ina jin na burge. Wani dattijon malami da ke bayan aji ya bari sai da muka fito, ya ce mini, Malama, mai ɗaura ɗamara shirin aiki yake yi, mai tsuke bel kuwa yunwa ce ta rage masa ƙugu. Abin da Bature ke nufi shi ne tsuke bakin aljihu. Shi ƙugunsa ya duba, mu aljihunmu muka duba. Na ji kunya ranar, amma shekara da shekaru ke nan ban sake kuskurenta ba.

Compress ba za ta ba ki wahala ba, dannawa ce daga waje. Ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya da ake dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, compressions ke nan. Mahaifar da ta ƙi contract har aka sa hannu biyu aka matse ta, bimanual compression ke nan, kuma wannan misali ɗaya ya isa ya nuna miki bambancin su biyun: ɗaya aikin mahaifa ne, ɗaya aikinki ne idan ta gaza. Tsumman ruwan sanyi da ake ɗora wa kumburi shi ma compress ne, a matsayin suna. Sauran dangi irin su shrivel na 'ya'yan itacen da suka bushe, da dwindle na kuɗin da ke zurarewa, da condense na dogon rubutu da aka taƙaita, ki bar su sai bayan jarrabawa. Ba kowace ƙwarya ake ɗauka zuwa rijiya ba.

Abin da nake so ki yi daga gobe: ki sayi ƙaramin littafi da zai shiga aljihun yunifom. Kada ki rubuta kalma ita kaɗai, kuma kada ki rubuta fassara. Ki rubuta ta da abokiyar tafiyarta yadda kika gan ta a fayil ko kika ji ta a bakin manya, uterus well contracted, pupils constricted, tumour has shrunk, a gefe kuma ki sa kishiyarta. Idan za ki duba ƙamus, ki nemi na masu koyo, Turanci zuwa Turanci, ki tsallake ma'anar ki karanta misalan. Sannan ki samu ƙawa ɗaya, ko cikin waɗanda suka yi dariyar ne, kowace yamma ku ba juna rahoton majinyaciya guda da babbar murya. Jarrabawar baka da baki ake shirya mata. Wanda ya yi ta karatu a zuci, ranar da ya buɗe baki harshensa baƙo ne a gare shi.

Yanzu maganar kunya. Ba na jin tsoron kuskurenki, shirunki nake tsoro. Akwai wata ma'anar shrink da na ajiye miki sai yanzu: "to shrink from" wani abu, wato mutum ya noƙe ya ja baya saboda tsoro. Ita kike yi makonni uku, a bayan kafaɗun mutane. A aji wannan ba ya cutar da kowa sai ke. A ɗakin haihuwa ba haka ba ne. Macen da ta zubar da jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ta shiga layin haɗari, kuma abin kan faru cikin mintuna. Ranar da kika dafa ciki kika ji shi laɓas, ba lokacin laluben kalma mai kyau ba ne. Ki ce soft, ki ce not contracted, ki ce jini, ki faɗa da Hausa idan ita ta riga zuwa bakinki, ki dai ɗaga murya. Ban taɓa jin an kori ungozoma don lafazi ba.

Kuma kada ki raina abin da kika zo da shi daga garinku. Matar da ke kan gadon ba contraction za ta ce miki ba. Za ta ce mararta na murɗawa, ko bayanta kamar zai ɓalle, ko cikin yana ɗaurewa yana saki, wata ma ba za ta ce komai ba sai dai ta cije leɓe, don an raine ta a kan cewa kukan naƙuda abin kunya ne. Ke kin san me kowanne yake nufi. Cikin masu kiranki da laƙabi akwai waɗanda nan ne nasu ƙamus ɗin yake ƙarewa, ba a dai yi musu tambayar a gaban jama'a ba tukuna.

A zagaye na gaba ki tsaya a sahun gaba. Idan likitan ne dai, ba sai kin tuna masa komai ba, ƙila ma ya manta. Ki dafa cikin, ki dube shi, ki ce: "The uterus is firm and well contracted, bleeding is minimal." Ki maimaita wannan jimla yau da daddare sau ashirin, kina ɗora nauyin a gaɓa ta biyu, har ƙannenki su fara tunanin ko lafiya.

Laƙabin kuwa kada ki yi faɗa a kansa, faɗa ke ciyar da irinsa. Idan an kira ki amsa da fara'a, in kin ga dama ki tambayi mai kiran bambancin constrict da contract, ki jira amsa cikin ladabi. Daga nan ki bar shi. Babu mai danna shi, babu mai ɗaure shi, da kansa zai yi ta raguwa har ya ɓace, kuma yanzu kin san wace kalma ce tasa.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ki rubuto mini idan sakamako ya fito.